Na rage kilo 14 ya dawo har da riba, ta ina zan sake farawa?

Wata 'yar'uwa ce daga Mabera ta aiko min da wannan tambaya, doguwa ce shi ya sa zan taƙaita ta. Shekarunta 36, 'ya'yanta huɗu. Ta ce bara waccan ta tashi tsaye kafin bikin ƙanwarta, cikin wata huɗu ta sauko daga kilo 98 zuwa 84, ta bar tuwo da shinkafa da fura kwata-kwata sai dafaffen ƙwai da kabeji da kokwamba, ga wani shayin rage ƙiba da take sha safe da dare. Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan, ta hau sikeli ta ga 101. Ta kuma yi tambaya a kan azumin Litinin da Alhamis. Ta rufe saƙon da cewa "Anti wallahi na gaji, kunya nika ji in hita biki, kowa kallona shikai, mi za ni yi? Ko dai ni haka Allah Ya yi ni?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi saƙonki ya taɓa ni, don aikina ke nan kullum, shawarar abinci nake ba masu suga da hawan jini da masu son rage jiki a nan cikin garin Sakkwato, kuma irin labarinki ba na iya ƙirga sau nawa na ji shi. Akwai wata da ta dawo wajena bayan ta ɓace kusan shekara, na ce ta hau sikeli sai ta tsaya ta cire takalmi, ta cire hijabi ta ninke, ta ajiye jaka, har agogon hannu ta kwance, sannan ta hau tana kallon bango ba ta yarda ta kalli lambar ba, da na faɗa mata sai kawai hawaye. Abin da ta fara cewa shi ne "na ba ki kunya". To ba ta ba ni kunya ba, ke ma ba ki ba kowa kunya ba, kuma ina so ki karanta dalili a tsanake don sai kin fahimci abin da ya faru a jikinki sannan maganar sake farawa za ta yi amfani.

Dawowar ƙiba bayan an rage ita ce abin da ya fi faruwa ga mutane, ba a nan kaɗai ba, ko'ina a duniya. A 2001 wasu masu bincike a Amurka sun tattara nazari 29 na mutanen da suka rage jiki aka ci gaba da bibiyarsu, abin da ya fito shi ne cikin shekara biyu fiye da rabin abin da aka rage ya dawo, zuwa shekara biyar kuma kusan kashi 80 cikin ɗari ya dawo. Mutanen nan fa da likitoci a kansu, da tsari, ba kamar ke ba da kika yi naki ke kaɗai a ɗaki.

Dalilin kuwa jikin ɗan Adam bai san wani abu wai shi dayet ba, abin da ya sani fari da yunwa. In ya ga kitse yana raguwa sai ya ɗauka an shiga shekarar wahala, ya fara kare kansa ta hanya biyu, ya ƙara miki jin yunwa, ya kuma rage yawan abin da yake ƙonawa. Akwai sinadarai a jini masu wannan aiki, ɗaya sunansa leptin, kitse ne ke fitar da shi yana gaya wa ƙwaƙwalwa akwai ajiya a rumbu, ɗayan girelin daga ciki yake fitowa shi ne mai kiran a kawo abinci. A birnin Melbon na Ostareliya an yi wani nazari da aka buga a 2011, mutum 50 aka fara da su aka sa su a tsauraren abinci na sati goma suka rage wajen kilo 13 da rabi, kusan irin naki. Bayan shekara guda cur aka sake auna jininsu, har lokacin leptin yana ƙasa girelin yana sama, kuma su da bakinsu sun ce yunwar da suke ji ta fi ta da. Shekara guda fa. Wani lissafin da aka fitar a 2016 ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya rage, sha'awar cin abincinsa na ƙaruwa da kimanin kalori 100 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), abin da jikin ke ƙonawa kuma yana raguwa da 20 zuwa 30. Ki duba wannan da kilo 14 ɗinki ki gani. Wato lokacin da kike tsaye a kicin ƙarfe sha ɗaya na dare kina kankare ƙanzo kina zagin kanki da kwaɗayi, yunwa ce ta gaske, jininki ne ke kiranta.

Har akwai wani shirin talabijin a Amurka na gasar rage ƙiba, aka bi mutum 14 daga cikin 'yan gasar bayan shekara shida. Sun rage wajen kilo 58 kowanne in an raba daidai, 41 ya dawo, kuma jikinsu na ƙona kusan kalori 500 ƙasa da yadda ya kamata ga mai girmansu a kowace rana. Nasu ya yi tsanani don ragin da suka yi na ganganci ne, naki ba zai kai haka ba, amma hanyar ɗaya ce.

Sai kuma abin da zan faɗa miki kai tsaye ko da ba zai yi daɗi ba, kilo 14 ɗin nan ba duka ne kitse ba. Duk wanda ya yanke tuwo da shinkafa lokaci ɗaya, kilo biyu ko uku na farko yawanci ruwa ne, don sitacin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram uku, ranar da kika koma cin tuwo ruwan zai dawo abinsa. Shayin nan kuma, yawancin irinsu abin da ke ciki filasko ne ko wani abin sa gudawa da fitsari, sikeli zai sauka amma kitse na nan inda yake, hanji ne ke wahala, wasu har sai sun kai ba sa iya bayan gida sai sun sha. An sha kama wasu kayan rage ƙiba da sinadarin sibutiramin a ɓoye a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa tun 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. In akwai saura a gidanki don Allah ki zubar. Sannan yunwa mai tsanani ba tare da motsa jiki ba tana cin tsoka, tsoka kuwa ita ce murhun da ke ƙona abinci, to da nauyin ya tashi dawowa ya fi dawowa a kitse, shi ya sa za ki ga tumbin yanzu kamar ya fi na da.

Amma ni abin da na fi ganin ya kayar da ke ba ma wannan ba ne. Tsarin da kika bi ba zai iya zama a gidan Bahaushe ba. Ke ce mai girki, ke za ki tuƙa tuwon shinkafa ki kaɗa miya ki zuba wa maigida da yara, ƙamshi ya cika gida, sannan ki koma gefe da kokwamba, wata nawa mutum zai yi a haka? Kin yi huɗu don akwai biki a gaba, biki ya wuce dalilin ya wuce. Kuma ina da tabbacin yadda abin ya tafi ko ba ki faɗa ba, ranar kamu an ci, ranar walima an ci, aka ce bari a gama biki, sai azumi ya zo da ƙosai da kunu da soyayyen dankali, sai salla, sai layya da soyayyen nama a bokiti na wata guda, kowace Asabar kina cewa Litinin zan koma. Sannan kin daina hawa sikeli tun da kika ji zani ya fara matsewa, don tsoron abin da za ki gani. Wannan daina hawan shi ne ya ba kilo uku damar zama goma sha bakwai.

Kafin ki taɓa abinci ina so ki fara zuwa asibiti, ko UDUTH ko Specialist ko Maryam Abacha ko duk wanda ya fi miki kusa, a auna hawan jini da suga da safe kafin ki karya, in likita ya ga da buƙata a duba tayirod, wato ƙwayar nan ta gaban wuya mai sarrafa yadda jiki ke ƙona abinci, musamman in kina yawan jin sanyi da kasala da zubewar gashi da taurin ciki. In al'adarki na tsallake watanni ko gashi na fito miki a haɓa ki faɗa, akwai matsalar ƙwan mahaifa da ke tafiya tare da ƙiba. Ki kwashi duk maganin da kike sha ki tafi da shi a leda. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana ƙara wa wasu mata nauyi, haka firedinisolon da dekza da ake ba masu asma ko ciwon gaɓɓai, haka insulin da wasu magungunan damuwa da na farfaɗiya. Kar ki daina ko ɗaya da kanki, likita ne zai duba ko akwai madadi. In kuma kina da ciki ko kina shayar da jariri ƙarami to maganar rage jiki ta jira tukuna. Ki sa awon tela ki auna ƙugunki daidai saitin cibiya ko sama kaɗan, ga mace in ya wuce santimita 88 haɗarin suga da hawan jini ya ƙaru sosai, kuma wannan awon wani lokacin ya fi sikeli faɗin gaskiya.

To sai farawa. Wata na farko ba na so ki nemi rage ko kilo ɗaya, abin da nake so kawai hawan ya tsaya. Na san za ki ce Anti wannan ai ba komai ba ne, to wallahi komai ne, mutumin da yake ƙara kusan kilo ɗaya duk wata ya tsaya cak ai ya yi aiki. Sati na farko ki samu ɗan littafi irin na 'yan makaranta ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki da lokacin da ya shiga, ba don ki nuna wa kowa ba. Matan da suka yi min wannan kusan duk abu ɗaya muke tararwa, ba tuwon dare ne babban mai laifi ba. Abin sha ne, da ragowar yara, da ɗanɗane wajen girki, da cin dare bayan an wuni da yunwa.

Bari in tsaya a kan abin sha don a garin nan shi ne babba. Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu yana wuce digiri 40, maƙoshi a bushe kullum, kuma abin da hannu ke kaiwa gare shi lemon kwalba mai sanyi ne ko soɓo ko kunun zaƙi ko fura da aka zuba wa suga. Robar lemo mai 50cl ɗin nan tana ɗauke da suga sama da giram 50, wajen ƙaramin cokalin shayi 13 ke nan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kada ya wuce kimanin cokali 12 a wuni gaba ɗaya, in ya iya rabin haka ma ya fi. Roba ɗaya ta cinye kason ranar har ta ci bashi. Maltina da 'yan'uwanta da ake ɗauka kamar abin ƙara jini su ma suga ne. Kuma matsalar abin sha ba ya ƙosarwa, za ki sha ki kuma ci abincinki daidai yadda kika saba. In da za ki mayar da abin shanki ruwan randa, soɓo kuma ki haɗa naki a gida da citta da kanumfari ba suga ko ɗan kaɗan, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da hawan ga mata da yawa.

Fura kuma ba zan ce ki bari ba, duk mai ce wa Basakkwace ya bar fura bai shirya a ji maganarsa ba. Gero da nono abinci ne mai kyau, yana riƙe ciki. Abin da ya ɓata ta abu biyu ne, sugan da ake zubawa, da kuma shanta a matsayin ruwa bayan an ci abinci. In za ki sha fura to ita ce abincinki na rana, kofi ɗaya madaidaici ba kwano ba, ba suga, shi ke nan kin ci abincin rana. Haka tuwo, ki ci abinki tare da iyalinki, amma ki zuba naki a faranti daban ki daina sa hannu a babban tire don a tire ba wanda ya san iya abin da ya ci. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki, miya da yawa, kuka ko kuɓewa ko sure ko lalo, nama ko kifi ko wake a kai. Kafin tuwon ki fara da ɗatun zogale ko rama ko tafasa, ƙuli-ƙuli daidai misali ba tare da an malala mai ba, za ki ga malmala ɗayar ta ishe ki. Ganye da kabeji da tumatir da albasa Allah Ya hore mana su, daga Kasuwar Daji har Kwalkwalawa, lokacin sanyi kuma ba su da tsada. Da safe ki samu abin da zai riƙe ki, ƙwai ko alala ko wake ko nono, don shayi da burodi ƙarfe goma ya bar ki da yunwa. Mai kuma ki riƙa aunawa da cokali ki daina tuttulawa daga galan, babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, sai kin yi tafiyar minti ashirin ko fiye kafin ki ƙona shi.

Ragowar yara kuwa na san abin da ke sa ki ci, tsoron almubazzaranci ne, kuma niyya ce mai kyau. Ki rage abin da kike zuba musu tun farko in sun cinye a ƙara, wanda ya rage a rufe ko a ba almajiri tun da sauran kyansa.

Motsa jiki ba ya rage kilo da yawa shi kaɗai, gaskiya ke nan, amma wajen hana ƙiba dawowa babu kamarsa. Abin da ake so aƙalla minti 150 a sati, wato rabin awa sau biyar. Na san ba kowace mace za ta iya fita filin wasa na Giginya ba, wata maigida ba zai bari ba wata kuma nisa da kuɗin Keke. Akwai wata baiwar Allah da nake dubawa, tsakar gidansu bai fi taku ashirin ba, bayan sallar asuba kafin rana ta fito take zagayawa daga bakin rijiya zuwa ƙofar zaure tana azkar ɗinta da carbi a hannu, in ta gama azkar ta san ta yi minti ashirin da biyar, yaranta tun suna dariya har ƙaramar ta fara bin ta. Da la'asar sakaliya ko bayan isha ma ana iya yi. Ki ƙara da tashi-zauna daga kan kujera sau goma goma da ɗaga galan ɗin ruwa, don tsokar da kika rasa ta dawo. In gwiwa na ciwo ki fara da minti goma. Barci ma yana ciki, daren da zafi da rashin wuta suka hana ki barci washegari za ki ji kina neman zaƙi, ba ƙarya jikin yake ba, in kin samu dama ki yi ƙailula.

Yanzu maganar da ta fi komai a wurina, wancan karon ke kaɗai kika yi, wannan karon kar ki kuskura. Akwai nazarin da Rena Wing da Robert Jeffery suka buga a 1999 a Amurka, waɗanda suka shiga shirin rage jiki su kaɗai kashi 24 cikin ɗari ne suka riƙe ragin nasu cikakke bayan wata shida da gama shirin, waɗanda suka shiga tare da abokai ko 'yan'uwa aka kuma koya musu tallafa wa juna, kashi 66. Mu ai mun san wannan tun da daɗewa, mace ita kaɗai ba ta iya tara dubu hamsin a ɗaki sai ta taɓa, amma in ta shiga adashi za ta zuba ko ana ha-maza-ha-mata don akwai uwar adashi da za ta aiko. To irin wannan nake so ki nema. Mace ɗaya ko biyu, maƙwabciya ko 'yar ajinku a Islamiyya ko cikin dangi, wadda ita ma take fama, ku sa ranar awo ɗaya a sati, ku riƙa takawa tare zuwa makaranta maimakon hawa Keke in ba nisa, in ɗaya ta yi shiru kwana uku ɗayar ta kira ta. Ki zaɓi mai rufin asiri wadda in kin ce mata jiya na ci masa takwas ba za ta yi miki dariya ko wa'azi ba, za ta ce to yau me muka dafa. Wadda za ta kai labarinki gidan suna ba ita ba ce.

Maigida kuma ki zaunar da shi a lokacin da hankalinsa ke kwance. Kar ki ce masa ina so in rame, da yawa daga mazanmu in sun ji haka sai su ce ni haka nake son ki magana ta mutu, ko kuma su fara tsokana. Ki nuna masa takardar asibiti ki ce likita ya ce in ban kula ba suga ko hawan jini na tafe, kuma ki roƙe shi abu takamaimai wanda zai iya yi, ya daina shigo da katan ɗin lemo, tsiren dare da balangu ya zama sau ɗaya a sati ko a ci da wuri, ya ba ki izinin fita tafiya da maƙwabciya. Namiji in ka ce masa ka taimake ni bai san ta ina zai kama ba, in ka ce kar ka sayo kaza sai ya iya. Sau da yawa ma shi kansa yana da tumbin da hawan jinin, gyaran girkin zai amfane ku duka.

Sai dangi, kuma wannan na san yana da ciwo. Lokacin da kika rage na tabbata akwai wadda ta kama haɓa ta ce "lahiya kuwa? Ko maigidan ba ya ba ki abinci?" don a wajenmu jiki alamar hutu ne da kulawar miji, har ga shi 'yan mata na shan sha-ka-fashe suna lalata ƙodarsu da ƙashinsu don su yi jiki. Yanzu da ya dawo kuma bakin da ya ce kin rame shi ne zai ce kin cika ɗaki. Ba za ki iya rufe bakin mutane ba, amma ki tanadi amsa guda gajera ki riƙa maimaitawa, likita ne ya sa ni, shi ke nan, ba mai jayayya da likita. A gidan biki in an ajiye miki kula kar ki ce ba na ci don za a ji haushi, ki ci nama da ɗan abin da ya samu ki ce a ƙulla miki sauran za ki kai wa yara. Kuma kar ki je biki da yunwa. Don Allah ki daina ƙin fita, zaman ɗaki da kunya su ne ke ƙara tura mutum ga abinci, ki ɗinka kaya daidai jikinki na yau ki je ki yi zumuncinki.

Guruf-guruf na WhatsApp na masu rage ƙiba akwai masu amfani, amma ki lura, duk inda mai guruf ɗin take sayar da shayi ko ƙwaya ko ɗamarar ciki, ko ake gasar wa ta fi rage kilo a sati, ki fita. A asibiti kuma ki ce wa likita ya haɗa ki da ma'aikacin sashen abinci, ki riƙa komawa ko sau ɗaya a wata ne, kuma ranar da kika ga kin ƙaru ita ce ranar da ya fi kamata ki je, ba ranar ɓuya ba.

Sikeli ki hau sau ɗaya a sati, rana ɗaya, da safe bayan kin zaga kafin ki karya, ki rubuta. Kwanakin al'ada zai iya ƙaruwa da kilo ɗaya ko biyu na ruwa kar ya tayar miki da hankali. A Amurka akwai wata rajista da aka buɗe tun 1994 ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da rabi suka riƙe shekara ko fiye, sun haura mutum dubu goma, kuma abin da aka ga yawancinsu na yi ba wani sirri ba ne, kashi uku cikin huɗu suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a sati, kusan kashi 78 ba sa tsallake karin safe, kuma galibinsu suna motsa jiki kusan awa guda a rana, yawanci tafiya ce. Ki sa wa kanki iyaka, in kin ga kilo biyu ya hau kuma ya zauna sati biyu to a koma littafi a kira ƙawar nan, kilo biyu ana iya kama shi cikin wata guda.

Kar ki sa 84 a gaba yanzu. Daga 101 in kika sauke kilo 5 zuwa 10 cikin wata shida, wato kamar rabin kilo a sati wani satin ma ba komai, kin yi abin da likitoci ke nema. Wani babban nazari da aka fitar a 2002 kan mutum sama da dubu uku masu dab da kamuwa da suga ya nuna waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, ya ma fi na waɗanda aka ba maganin suga na metfomin. A jikinki kashi 7 kilo bakwai ne kawai. Za ki ji shi a gwiwa da numfashi da tsayuwar salla tun kafin mutane su gani.

Na san za ki ji labarin allurar nan ta Ozempic da 'yan'uwanta da ake rage ƙiba da su. Suna aiki, ba ƙarya ba ne, amma magani ne na likita, da tsada, akwai na jabu a kasuwa, ba a yin ta da ciki ko ana neman ciki, kuma nazarin da aka buga a 2022 ya nuna waɗanda suka daina sun mayar da kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara guda. Kar ki saya a hannun mai talla a waya.

Akwai abu ɗaya a saƙonki da ban so in wuce shi, inda kika ce wani lokacin in ranki ya ɓaci kina rufe ɗaki ki ci har cikinki ya yi ciwo sannan ki yi kuka. In wannan na faruwa kamar sau ɗaya a sati ko fiye, ko kina sa yatsa ki yi amai bayan ci, ko barci da walwala sun ƙaurace miki, wannan lalura ce mai suna da magani kuma tsaurara abinci ƙara ta yake yi. Ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa min. In an tura ki ganin likitan ƙwaƙwalwa, ko a cikin gari ko asibitin Kware, ba hauka ake nufi ba, masu damuwa da rashin barci da yawa suna zuwa su samu sauƙi su koma gidajensu.

Azumin Litinin da Alhamis da kika tambaya, ki yi shi don lada in lafiyarki ta ba ki dama, amma in an sha ruwa a ci daidai, dabino da ruwa, a yi salla, sannan faranti ɗaya, kin san hadisin nan na kashi ɗaya na abinci ɗaya na ruwa ɗaya na numfashi. In awo ya nuna kina da suga aka ɗora ki a kan magani to sai kin tambayi likita kafin ki ɗauki azumin nafila, don wasu magungunan na iya faɗar da suga ƙasa sosai. Ki fara da asibitin cikin satin nan, ki sayi littafin, ki kuma yi tunanin wace ce za ki kira. In kin karɓo sakamakon awon ki turo min tare da abin da kika rubuta na kwana bakwai, sai mu duba inda za a fara taɓawa. Allah Ya ba ki lafiya, a gaida yara.